Zaɓen firosesa ga wani gidan gem a Kano: nazarin lamari

Jadawalin da masu gwajin kayan kwamfuta suke wallafawa a intanet, wanda yake jera firosesa, wato ƙwaƙwalwar da take yi wa kwamfuta lissafi, daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni a wasannin gem, an gina shi ne domin ya amsa tambaya guda: idan aka kawar da duk abin da zai iya riƙe kwamfuta, wace firosesa ce za ta fi fitar da hotuna masu yawa a cikin sakan ɗaya? Mai saye a Kano yakan ɗauki wannan amsa ya ɗora ta a kan tasa tambayar, wato me zai gani a allonsa, da katin hoton da ya iya saye, a ɗakin da ya san zafinsa, da wutar da yake biya. Wannan nazari ya bi diddigin lamari guda da tambayoyin biyu suka ci karo a cikinsa, tun daga gardamar farko har zuwa lokacin da aka kunna kwamfutocin.

Yadda lamarin ya taso

Gidan gem ɗin yana wani layi da ke kusa da Titin Gidan Zoo, kuma ya daɗe yana aiki da PlayStation 4 kaɗai. A bazarar 2024 mai gidan, wanda asalin sana'arsa sayar da shadda da atamfa ce a Kantin Kwari, ya yanke shawarar ƙara kwamfutocin tebur guda takwas, domin samari, musamman ɗaliban Jami'ar Bayero, sun fara tambayar Counter-Strike 2 da Valorant, waɗanda a lokacin ba a buga su sai a kwamfuta. Kafin a nemi shawarata an riga an sayi abubuwa biyu, wato katin hoto GeForce RTX 3060 mai gigabait 12 guda takwas, da allo takwas masu ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, waɗanda suke iya sabunta hoto sau 144 a sakan. Abin da ya rage shi ne firosesa, da madabod (babban faifan da ake dasa duk kayan a jikinsa) da RAM (inda kwamfuta take riƙe bayanan da take aiki da su) waɗanda za su dace da ita.

Dillalin da zai kawo kayan ya nace a kan Core i9-13900K ta kamfanin Intel, kuma hujjarsa ba ta wuce lambobin da ke jikin kwali ba: cibiyoyin aiki 24, wato sassan firosesa da kowannensu yake lissafi da kansa, da gudun da yake kaiwa gigahaz 5.8. Ɗan ƙanwar mai gidan, wanda shi ne zai riƙa kula da wurin, ya zo da jadawali a wayarsa wanda ya nuna Ryzen 7 7800X3D ta kamfanin AMD a saman kowa, har da i9 ɗin, duk da cewa cibiyoyinta takwas ne kacal. Ya miƙa wayar ya ce, "Kawu, ga shi nan a rubuce, ba ni na faɗa ba." Yaron bai yi kuskuren karatu ba, domin galibin masu gwaji haka suka samu a wancan lokaci. Ra'ayi na uku na aljihu ne. Farashin da kamfanonin suka sanya ranar fitowa shi ne dala 589 ga i9-13900K a Oktoban 2022, dala 449 ga 7800X3D a Afrilun 2023, da dala 199 ga ƙaramar firosesar AMD mai araha, Ryzen 5 5600, a Afrilun 2022. A farkon 2024 dala ta haura naira 1,500, kuma duk wanda ya shiga Wapa canji a waɗannan watanni bai manta ba. Ko da wannan farashi na ranar fitowa aka yi lissafi, ratar dala 390 da ke tsakanin babbar da ƙaramar, idan aka ninka ta sau takwas, ta zama dala 3,120, fiye da naira miliyan huɗu da rabi, tun ba a taɓa kuɗin madabod da na'urar sanyaya ba.

Mai gidan ya saurari kowa, sannan ya yanke maganar da cewa, "Injiniya, ni ban san gigahaz ba. A kawo su a kunna a gabana, gani ya kori ji."

Abin da jadawalin yake aunawa

Kowane hoto da ya bayyana a allo sai ya bi ta hannu biyu. Firosesa ce take lissafa abin da yake faruwa a cikin wasan, kamar inda kowane ɗan wasa yake tsaye, da hanyar da harsashi ko ƙwallo za su bi, da dabarar abokan gabar da kwamfuta take sarrafawa, sannan ta miƙa wa katin hoto umarnin abin da zai zana. Katin ya zana, allo ya nuna. Wanda ya fi jinkiri a cikin biyun shi ne yake ƙayyade gudun wasan, ɗayan kuma sai ya zauna jira. Aikin firosesa a kan hoto ɗaya bai cika canzawa ba idan an ƙara yawan ɗigo, amma aikin katin yana ƙaruwa sosai, domin allon 1080 yana da ɗigo 2,073,600, na 4K kuwa yana da 8,294,400, ninki huɗu ke nan.

Saboda haka mai gwajin firosesa yakan ɗauko katin da ya fi kowane ƙarfi, wanda a 2023 da 2024 shi ne RTX 4090, ya sauke ɗigon zuwa 1080, wani lokaci ma 720, domin ya tabbata katin ba zai taɓa zama mai jinkirin ba. Wannan ba yaudara ba ce, ita ce hanyar da ta dace idan firosesa ake son a auna. Sai dai RTX 4090 ya ninka RTX 3060 ƙarfi sau da yawa, kuma tserewar da wata firosesa ta yi wa wata a ƙarƙashin babban katin ba lallai ta bayyana a ƙarƙashin ƙaramin ba. Wannan shi ne abin da ya kamata a gwada a shagon, ba a maimaita gwajin da wasu suka riga suka yi da kayan da suka fi namu ba.

Akwai kuma batun lambar da ake karantawa. Matsakaicin yawan hotuna a sakan yana iya ɓoye abin da ɗan wasa yake ji a hannunsa. A ɗauka a cikin sakan ɗaya an fitar da hotuna 99, kowanne a milisakan 8, sannan guda ɗaya ya ɗauki milisakan 208. Jimilla hotuna 100 ne a sakan, lamba mai kyau a takarda, amma wasan ya maƙale na kusan kashi ɗaya cikin biyar na sakan, kuma a Counter-Strike 2 wannan ya isa a kashe mutum. Shi ya sa masu gwaji suke ƙara wata lamba, wadda take auna kashi ɗaya cikin ɗari na hotunan da suka fi jinkiri. A gidan gem, inda yaro ya biya kuɗin awa kuma ba ya yafe maƙalewa, ina ganin wannan lamba ta biyu ta fi ta farko amfani.

Gwajin

Ba a samu aron 7800X3D ba, sai yayarta Ryzen 7 5800X3D, wadda ta fito a Afrilun 2022 kuma take da irin babbar ma'ajiyar bayanai ta cikin firosesa da ta sa waccan ta yi suna. Dillalin ya kawo kwamfutar samfuri mai Ryzen 5 5600. Ita kuwa i9-13900K an aro ta ne daga wani mai tace finafinai da ke da ofis a kan titin, tare da RAM ɗinta na DDR5 da na'urar sanyaya mai ruwa da fanka uku. An riƙa cire katin RTX 3060 guda ɗaya ana sanya shi a kowace kwamfuta bi da bi, da direba, wato manhajar da take sarrafa katin, iri ɗaya da saitin wasa iri ɗaya. An yi amfani da MSI Afterburner wajen nuna lambobi a kusurwar allo, da CapFrameX wajen ɗaukar lokacin kowane hoto, da HWiNFO wajen lura da zafi. Cyberpunk 2077 da GTA V suna da nasu gwajin a ciki, wanda yake bin hanya ɗaya kullum. Counter-Strike 2 kuwa an buga shi ba tare da intanet ba, a taswirar Dust 2, ana bin hanya guda, domin wasan da ake bugawa da mutane a intanet ba ya maimaituwa. An ƙara da EA Sports FC 24, ƙungiyoyi biyu iri ɗaya a fili ɗaya, tunda ƙwallo ce abincin yau da kullum na gidan. Duk wannan a cikin shagon aka yi shi, da rana tsaka, akwatunan a rufe yadda za su kasance ranar aiki.

Sakamakon farko ya kusa kashe maganar tun ba a je ko'ina ba. Ryzen 5 5600 ta faɗo ƙasa sosai, a GTA V tana tsaitsayawa duk lokacin da mota ta shiga cunkoson gari, kuma layin da CapFrameX ya zana cike yake da tsini, alamar hotunan da suka yi jinkiri. Dillalin ya ce ai dama ya faɗa. Amma lambar da ke kusurwar allo ta nuna katin hoton yana aiki ƙasa da ƙarfinsa da nisa, abin da bai dace da firosesa irin wannan ba. Aka kashe kwamfutar, aka kwance murfin gefe. A cikin ramukan RAM huɗu, ɗaya ne kawai yake da sanda, mai gigabait 16, a jikinta an rubuta 3200. Da aka shiga BIOS, inda ake saita madabod, sai aka ga tana gudu a 2133, domin ba a kunna saitin XMP ba, wanda shi ne yake ba ta damar kaiwa gudun da aka rubuta mata. Irin wannan RAM, wato DDR4, mai gudun 3200 tana iya wuce da gigabait 25.6 a sakan ta hanya ɗaya, sanda biyu a ramukan da suka dace kuwa suna buɗe hanya biyu, adadin ya zama 51.2. Kwamfutar samfurin tana aiki ne da kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan. Ba na zargin an yi hakan da gangan, domin masu haɗa kwamfuta da yawa suna ganin gigabait 16 gigabait 16 ne ko a sanda nawa ya zo, amma gwajin farko ya auna RAM ne, bai auna firosesa ba.

Daga nan aka gyara tsarin. Tunda 5600 da 5800X3D duk soket ɗin AM4 suke hawa, wato mazauninsu a jikin madabod iri ɗaya ne, aka ɗauki madabod guda na B550 da sandunan RAM biyu masu gigabait 8, aka riƙa musanya firosesar kaɗai. Wannan ne kawai ɓangaren gwajin da za a iya cewa abu ɗaya tak ya canza a cikinsa. Kwatanci da i9 kuwa kwatancin gida ne da gida, domin madabod ɗinta da RAM ɗinta da sanyayarta duk daban suke.

Abin da aka gani

A Cyberpunk 2077, da saiti mai kyau, kwamfutocin uku sun fitar da lambobin da ratarsu ba ta wuce irin wadda ake samu idan an maimaita gwaji a kwamfuta ɗaya ba. Katin hoton yana manne da ƙarshen ƙarfinsa a duk ukun, firosesa kuma tana jira. A FC 24 maganar ta fi haka sauƙi, domin wasan ba ya wahalar da ko ɗaya daga cikinsu, kuma da aka rufe lambobin aka zaunar da samari biyu daga cikin masu zuwa gidan, babu wanda ya iya faɗin wace kwamfuta yake kai. A GTA V tsaitsayawar nan ta ɓace bayan an gyara RAM, manyan biyun suna gaba kaɗan, ba yadda ido zai lura ba.

Counter-Strike 2 ne ya raba su. 'Yan gasa suna sauke saitin hoto da kansu domin su sami gudu, kuma da aka yi haka nauyin ya koma kan firosesa, kamar yadda masu jadawali suke tsarawa da gangan. A nan 5800X3D da i9 suka bar 5600 a baya a fili, musamman a hotunan nan masu jinkiri, lokacin da aka jefa gurnetin hayaƙi mutane suka taru wuri guda. Duk da haka matsakaicin 5600 bai sauko ƙasa da 144 da allon yake iya nunawa ba. Abin da babbar firosesa ta ƙara shi ne daidaito a lokacin rikici, da ɗan saurin amsawa tsakanin motsa linzami da ganin sakamako.

Dalilin da ya sa firosesa mai cibiyoyi takwas da gudun gigahaz 4.5 ta yi kafaɗa da kafaɗa da mai cibiyoyi 24 da gudun 5.8 ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne abin da ya fi ɗaure wa mai gidan kai. Galibin wasanni ba sa iya raba aikinsu ga cibiyoyi masu yawa, akwai babban aiki guda da sauran suke jira, kuma daga cikin cibiyoyi 24 na i9, takwas ne manya, sauran 16 ƙanana ne da aka tanada domin ayyukan da suke rabuwa. Abin da yake cinye lokacin wasa sau da yawa shi ne jiran bayani daga RAM. Kowace firosesa tana da ma'ajiya a cikinta, ƙarama mai sauri, inda take ajiye abin da take yawan buƙata. Ryzen 5 5600 tana da megabait 32 a babban matakin wannan ma'ajiya, i9-13900K tana da 36, ita kuwa 5800X3D an ɗora mata ƙarin megabait 64 a kan 32, ta zama 96. Na yi wa mai gidan misali da shagonsa na Kwari: kayan da suke cikin shago ana miƙa wa mai saye nan take, wanda babu kuwa sai an aiki yaro sito, kuma komai saurin mai shago wajen lissafi, mai saye zai tsaya har yaron ya dawo. Mai babban shago ba ya yawan aike. Wannan kuma shi ne dalilin da ya sa raunin RAM bai cika yi wa firosesa mai babbar ma'ajiya illa kamar yadda ya yi wa 5600 ba.

Dillalin ya nemi a kunna Cinebench, wata manhajar auna ƙarfin firosesa, kuma an kunna. A nan i9 ta ninka 5600 fiye da sau uku, domin manhajar tana raba aikin zane ga duk cibiyar da ta samu. Wannan lamba gaskiya ce, ita ce ma ta sa mai tace finafinan bai yi asarar kuɗinsa ba, amma babu yaron da zai biya kuɗin awa ya zo ya tace fim a gidan gem.

Zafi da wuta da intanet

Masu gwaji a Turai da Amurka suna aiki a ɗakunan da zafinsu bai cika wuce digiri 20 da 'yan kai ba. A Kano, tsakanin Maris da Mayu, zafin rana yana haura digiri 40, kuma kusan duk digirin da ya ƙaru a iskar ɗaki yana ƙaruwa a jikin firosesa. Iyakar i9-13900K digiri 100 ce, ta 5800X3D kuwa 90, kuma idan firosesa ta isa iyakarta tana rage gudunta da kanta domin kada ta lalace. A gwajin Cinebench i9 ta kai iyakar duk da sanyayarta ta ruwa, a wasanni kuma ba ta kai ba. Ita 5800X3D ta fi saurin ɗaukar zafi fiye da yadda wutar da take ci za ta sa a zata, domin ƙarin ma'ajiyar a saman cibiyoyin aka ɗora shi, tsakaninsu da na'urar sanyaya. Sai a 9800X3D ta Nuwamban 2024 AMD ta mayar da shi ƙasa. Ƙaramar fankar da take zuwa a kwalin 5600 ta riƙe ta, amma da ƙara mai yawa da zafin da bai bar wani sarari ba, alhali ba a shiga hunturu ba, lokacin da ƙura take toshe haƙarƙarin na'urar sanyaya cikin 'yan makonni.

Intel ta rubuta wa i9-13900K wat 125 a matakin tushe da wat 253 a ƙololuwa, AMD kuma ta rubuta wa 5600 wat 65 da 5800X3D wat 105. A cikin wasa i9 ba ta kaiwa ƙololuwar, amma tana cin fiye da ƙananan. A ɗauka ratar wat 60 ce kawai a kowace kwamfuta: kwamfuta takwas, awa goma a rana, ya zama kilowat 4.8 na awa kullum. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta na rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, zuwa naira 225 a kowane kilowat na awa, wanda ya sa wannan rata ta haura naira 32,000 a wata. Idan da janareta ake aiki ya fi haka tsada, ganin inda fetur ya kai bayan cire tallafi a Mayun 2023. Kuma duk wat ɗin da kwamfuta ta ci zafi yake zama a cikin ɗakin, sai an sake biyan wata wutar kafin na'urar sanyaya ɗaki ta fitar da shi.

Akwai wani lissafin da ya sanyaya gwiwar ɗan ƙanwar mai gidan fiye da kowanne. Tashi daga hotuna 200 a sakan zuwa 300 yana rage lokacin hoto ɗaya daga milisakan 5 zuwa 3.3, ribar da ba ta kai milisakan 2 ba. Saƙon ɗan wasa daga Kano zuwa sabar wasan, wato babbar kwamfutar da take haɗa 'yan wasa, da ke Turai ko Afirka ta Kudu, zuwa da dawowa, yakan haura milisakan 100. Ribar ba ta ɓace ba, musamman idan kwamfutocin gidan ne suke karawa da juna ta wayar cikin gida, amma ga wanda yake wasa da mutanen waje, ingancin layin intanet ya fi kowace firosesa tasiri.

Shawarar da aka yanke

An tsaya a kan madabod B550 ga duk takwas ɗin, kowanne da sandunan DDR4 biyu da na'urar sanyaya mai tsayi da babbar fanka. Shida sun sami Ryzen 5 5600. Core i5-12400F ta Intel, mai cibiyoyi shida, wadda ta fito a Janairun 2022, za ta iya yin wannan aiki daidai wa daida, kuma abin da ya hana a ɗauke ta shi ne son a sami soket ɗaya a duk gidan, yadda idan wata kwamfuta ta samu matsala za a iya gwada kayanta a jikin 'yar'uwarta. Biyun da suka rage, waɗanda aka ware wa 'yan gasa, an sanya musu Ryzen 7 5700X3D, wadda ta fito a Janairun 2024 a kan dala 249, da ma'ajiya mai megabait 96 kamar ta 5800X3D, sai dai gudunta ya tsaya a gigahaz 4.1. Ba a gwada wannan a shagon ba, a nan jadawalin intanet aka dogara da shi, kuma ina ganin daidai ne, domin kwatanta firosesa biyu masu gini ɗaya a ƙarƙashin yanayi ɗaya shi ne ainihin aikin da jadawali ya iya.

Ɗan ƙanwar mai gidan bai gamsu gaba ɗaya ba, kuma hujjarsa tana da ƙarfi. Soket ɗin AM4 tun 2016 yake, ya zo ƙarshen hanyarsa, alhali AM5 da 7800X3D take hawa sabo ne a lokacin, kuma daga baya a 2024 AMD ta ce za ta ci gaba da yi masa firosesa har 2027 ko fiye. Wanda yake haɗa wa kansa kwamfuta ɗaya da zai riƙe shekaru, da na ba shi shawarar AM5. Amma AM5 ba ya karɓar komai sai DDR5, madabod ɗinsa ma ya fi tsada, kuma gidan da yake mayar da jarinsa awa bayan awa ba zai biya kuɗin gobe sau takwas a yau ba.

Bayan an gama sayayya wani labari ya ƙara fitowa fili wanda ya shafi zaɓin dillalin. A Yulin 2024 Intel ta tabbatar da cewa wasu firosesocinta na zubi na 13 da na 14, har da i9-13900K, suna neman ƙarfin lantarki fiye da kima, abin da yake lalata su a hankali har wasanni su riƙa rufewa da kansu. Ta fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS a Agusta da Satumba, ta kuma ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran yana hana lalacewa, ba ya warkar da wadda ta riga ta lalace. Wannan bai shiga lissafin farko ba, amma ya nuna wani abin da mai saye a nan ya kamata ya tambaya tun kafin ya biya, wato idan kaya ya lalace hannun wa za a mayar da shi, domin garantin kamfani bai cika yi wa kayan da ɗan kasuwa ya shigo da su a jaka daga Dubai ko Sin amfani ba.

Ranar da aka jera kwamfutocin an bi su ɗaya bayan ɗaya ana duba abubuwa uku, wato ko XMP a kunne yake, ko sandunan RAM suna rami na biyu da na huɗu kamar yadda littafin madabod ɗin ya nuna, da kuma gudun allo. Windows yakan bar sabon allo a kan sabuntawa 60 a sakan har sai an shiga saiti an ɗaga shi, kuma haka aka tarar da su. A 60 kowane hoto yana zama milisakan 16.7 a allo, a 144 kuwa 6.9, ratar da ta ninka wadda aka kwana ana gardama a kanta sau da yawa, kuma gyaranta bai ci ko kwabo ba.

A watannin da suka biyo baya yawancin masu zuwa ƙwallo suka ci gaba da bugawa a kowace kujerar da suka samu, kujeru biyun nan kuma aka ɗan ƙara musu kuɗin awa, 'yan Counter-Strike suna kama su tun bayan La'asar. An ajiye sakamakon CapFrameX na kowane wasa, aka kuma rubuta saitin da aka yi amfani da shi a bayan littafin cinikin gidan. Mai gidan yana da niyyar canza katunan hoto idan jari ya dawo, kuma a ranar da kati mai ƙarfi ya shiga akwatunan shida masu 5600, jinkirin zai iya komawa kan firosesa a wasannin da yanzu ba a ganinsa, don haka an yi da shi cewa za a sayi kati ɗaya tukuna a maimaita gwajin da saitin da aka rubuta, kafin a taɓa sauran.